Aikin Mai Kula da Wasa, da Yadda Zai Zauna da 'Yan Wasa

Idan za a yi wasan kwaikwayo a makaranta, malami shi ke zaɓen labari, ya raba wa kowa matsayinsa. Sa'an nan a kan naɗa ɗaya daga cikinmu ya zama mai kula da wasa. Shi ke riƙe littafi, ya kira sunaye, ya ajiye rawuna da riguna, ya ja labule, ya kuma tuna wa wanda ya manta maganarsa. Wuyar aikin ita ce, waɗanda zai umarta tsararrakinsa ne, wasu ma yayyensa. Ba shi da bulala, ga shi kuwa tare za su ci tuwo da dare.

Mun lura masu ba da wahala iri huɗu ne. Na fari shi ne makararre. Maganinsa a kafa takardar lokaci inda kowa zai gani, a kuma fara da waɗanda suka zo, kada a jira kowa. Ran da ya iske an yi nisa ba shi, kunya za ta hore shi.

Na biyu shi ne wanda ba ya hardace maganarsa. Wajibi ne tun farko kowane babban matsayi a sa masa mai jiran gado, a riƙa gwada shi gaban jama'a. Rago in ya ga wani na shirin ɗaukar rawaninsa, da kansa zai nemi littafi.

Na uku shi ne mai ƙara nasa zance domin a yi dariya. Wannan ya fi sauran haɗari, gama abokin wasansa yana sauraron kalmar ƙarshe ne don ya san lokacin shigowarsa. In aka sauya ta, sai ya tsaya shiru gaban baƙi. A nuna masa haka a keɓe, ba cikin taro ba.

Na huɗu shi ne wanda ya ce shi sarki zai fito, ba ya fitowa a mace ko bara. Sai mu tuna masa da tashe, wanda yara ke yi daga goma ga watan azumi, inda yaro kan sa gemun auduga ya zama tsoho, ba wanda ya raina shi.

Kada mai kula da wasa ya yi garajen kai ƙara. Ya yi gargaɗi sau biyu tukuna, a na uku ya gaya wa malami, ya kuma sanar da mai laifin kafin ya tafi. Ya tsare adalci, ko da amininsa ne ya makara, ya rubuta shi.

Galibinmu malamai za mu zama. Wanda ya iya da tsararrakinsa goma ba tare da sanda ba, aji ba zai gagare shi ba, in Allah ya yarda.