Mabuɗin Yana Jikin Linki

Wasiƙar farko a shirin wannan makon daga Tagwai ta fito, can wajen madatsar ruwan da ke shayar da Minna. Wani mai shagon buga takardu ne ke cewa ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya na yawan turo masa kundin bincike da takardun shaida, ko zai iya kafa tasa hanyar karɓar fayil da ba mai leƙawa?

"Za ka iya, Malam," in ji mai gabatarwa, "amma fara jin yadda ta kaya da waɗanda suka riga ka."

Sai ya kawo labarin Firefox Send, wanda Mozilla ta buɗe wa jama'a a Maris 2019. Tun a cikin burauza ake kulle fayil kafin ya bar kwamfuta, mabuɗin kuma a liƙa shi a wutsiyar linki, bayan alamar #. Burauza ba ta aika wannan wutsiya zuwa sabar, don haka ko mai sabar bai san abin da ya ajiye ba. Nan daɗin yake, nan kuma matsalar take. 'Yan damfara suka riƙa cusa muguwar manhaja ta wannan hanya, Mozilla ba ta da idon gani, ta rufe shi a 2020. Da yake rubutun manhajar a buɗe yake, Tim Visée ya ɗauka ya ci gaba da raya ta da sunan Send.

Kayan aikin kafa Send ba su da yawa: hayar sabar, sunan shafi, da shaidar tsaro ta Let's Encrypt, wadda kyauta ce. Mai gabatarwa ya hana mai wasiƙar ajiye sabar a shago. Neja ce ke da Kainji da Shiroro, amma kowa a Minna ya san yadda wuta ke yi. Ya kuma tuna masa dokar kare bayanai ta 2023: takardun mutane amana ce. Ya ce ya sa linki ya mutu bayan saukewa ɗaya, kuma kada ɗalibai su watsa shi a guruf ɗin WhatsApp, domin duk mai linki ya riƙe mabuɗi.

Wani dattijo ya bugo waya, ya ce in kowa na ganin rubutun manhajar, ai ɓarawo ma na gani.

"Gaskiya ne, Baba. Amma kowa ya san yadda ake ƙera kwaɗo, sai mai mabuɗi ke buɗewa."

Wata ɗaliba daga Gidan Kwano kuwa cewa ta yi ba ta iya rubuta manhaja ba, me za ta taimaka da shi? Ya ce, "Ƙanwata, fassara." OnionShare, wata manhajar tura fayil wadda Micah Lee ya fara a 2014, masu sa kai ne ke fassara ta a shafin Weblate. Ya ƙara mata aiki: ta gwada tura babban fayil lokacin da sabis ke rawa, ta rubuta wa masu manhajar daidai inda ya tsaya, da irin na'urar da ta yi amfani da ita.