Ɗiyarki da hijabi a makarantun Faransa

Iyaye mata 'yan Nijar da zama ya kai su Faransa sukan zo mini da damuwa iri ɗaya: yarinya ta shiga makarantar gwamnati, an ce ta cire hijabi a bakin ƙofa, ga shi babu darasin addini ko na sa'a guda. Shin a fitar da ita?

'Yar'uwa, kada ki fitar da ita. Karatu tilas ne a can daga shekara 3 zuwa 16, kuma tun bayan dokar 2021 ba a koyar da yaro a gida sai da izinin hukuma.

Tun 1882, zamanin minista Jules Ferry, aka cire darasin addini daga makarantun firamare na gwamnati. Amma dokar da ta cire shi ita ce ta ware rana guda a mako domin iyaye su kai 'ya'yansu koyon addini a waje. Da can Alhamis ce, yanzu Laraba, ko da yake a wasu makarantun yammacinta kaɗai ya rage. Kiristoci sun daɗe suna cin moriyar wannan rana. Ke ma ki nemi masallacin da ke da ajin yara ran Laraba ko Asabar, ki taka da ƙafarki ki ga malamin, ki ji abin da yake koyarwa. Sauran kuma aikin gida ne, naki da na maigidanki.

Batun hijabi, dokar 15 ga Maris 2004 ce ta hana ɗalibai sanya alamar addini mai fitowa fili, a 2023 kuma aka haɗa da abaya. A ganina 'yan matan Musulmi ne suka fi jin nauyinta. Sai dai ita dokar ta wajabta wa makaranta ta zauna da ɗaliba a yi magana kafin kowane hukunci, don haka ki nemi wannan zama, ki je tare da ita. Hanin bai shafi jami'a ba, bai kuma shafe ki ba idan kin je ganin malamai. Makarantun kuɗi, har da na Katolika, kowace da ƙa'idarta. Ki tambaya kafin ki biya.

Ranar Sallah kuwa, ƙarama ko babba, ana ba yaro izinin fashi idan iyaye suka nema. Ki rubuta takarda tun da sauran mako guda, ki kuma ajiye kwafinta.