Kafin Ka Biya Kuɗin Motar Nan, Ɗana

Ɗana, na ji harkar ta buɗe har kana shirin sayen babbar motar ɗaukar kaya don ka huta da kuɗin shata. Na yi murna ƙwarai, Allah Ya ƙara buɗi. Amma kuɗin nan gumin shekaru ne, shi ya sa nake so ka saurare ni kafin dillalai su riga ni shiga kunnenka.

Tambayar farko a kan kayanka take: nauyi gare su, ko wuri suke ci? A nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Mutum ya buɗe bayan mota ya ga fili kamar ɗaki, sai ya ɗauka duk abin da ya shiga ta iya ɗauka. Yawancin manyan motocin nan, irin su Mercedes Sprinter da Ford Transit da Fiat Ducato, an ƙera su ne a kan kada nauyinsu duka ya wuce kilo 3,500, wato motar da manta da direba da kaya a haɗe. Ita kanta motar takan cinye kilo 2,000 ko fiye. Abin da ya rage maka bai cika wuce tan ɗaya da rabi ba, sau da yawa ma bai kai ba. Yi lissafi da buhun masara mai kilo 100, za ka ga buhu goma sha biyar ya riga ya ƙure ta, alhali cikinta bai ko yi rabi ba. Kuma doguwar nan mai dogon rufi da ke burge ka ta fi gajeriyar nauyin jiki, don haka nauyin kayan da aka yarje mata ya fi ƙanƙanta. Akwai ɗan allo a jikin ƙofa ko wajen injin da aka rubuta wannan ƙa'ida. Ka karanta da idonka.

To in katifu ne kayanka, ko robobi, ko burodi, ko katan-katan na biskit, doguwar ce taka. In kuwa shinkafa ce da sukari da jarkokin man gyaɗa daga Singa, nemi mai taya biyu-biyu a baya, ko ma ka haƙura da bas ɗin ka sayi Kanta. Ka kuma tuna inda za ta riƙa shiga. Mafi tsawon Sprinter ta kai mita bakwai. Ka yi tunanin juya ta a lungun Kantin Kwari da azahar.

Na san za ka ce ai ga su nan kullum ana danƙara wa J5 tumatir har bayanta na jan ƙasa, tana kuma kaiwa kudu. Ana yi, ɗana, amma ka tambayi masu su nawa sifirin da taya da birki ke ci a shekara. Kuma abin da ya fi kuɗi shi ne rai. Birkin da aka auna da wani nauyi, in an ninka masa, ba zai tsaya inda ake so ba, kuma a gaban motar nan 'ya'yan mutane ne. Kada riba ta sa ka ɗauki alhakin da ba za ka iya biya ba.

Ita J5 ɗin akwai wani abin lura a kanta. Kamfanin Peugeot ya fara ƙera ta a 1981, ya daina tun farkon shekarun 1990, amma har yau tana bisa hanya, saboda kusan kowane gari akwai bakaniken da ya san cikinta. Haka Toyota Hiace: ba ta kai Sprinter ciki ba, kuɗinta kuma da tsada, amma in ta tsaya maka a hanyar Gusau ko Potiskum, da wuya ka kwana ba ka sami mai gyara ba, ranar da ka tashi sayarwa kuma ba ka rasa mai saye. Don haka kafin ka je wurin masu mota, fara zuwa Ƙofar Ruwa, ko Panteka in kana Kaduna. Tambayi kuɗin kuloci da nozul da famfon mai da gilashin gaba na motar da kake so. In aka ce sai an aika Ladipo a Legas, ka san kowace matsala kwanaki za ta ci, motar tana ajiye, abokan cinikinka suna komawa wurin wani.

Maganar mai kuma, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ya koyi lissafi. Injin gas ya fi jan kaya, ya fi tattalin mai a doguwar tafiya. Sai dai na zamanin nan da kwamfuta ke sarrafawa ba sa jure gas mai datti ko ruwa, kuma kuɗin nozul ɗinsu na iya cinye ribar watanni. In cikin gari za ka riƙa zagaye, ni dai na fi natsuwa da mai fetur.

Ranar dubawa ka tafi da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma ku je da sassafe ku tada injin yana sanyi, don a lokacin hayaƙi da ƙara ke tona asiri. A shiga ƙarƙashi a duba tsatsa, domin in daga Turai aka shigo da ita, a can gishiri ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, yana cin ƙarfe ta ƙasa ko da fenti na ƙyalli a sama. Ka guji wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. A gwada lambar shasi da ta takardun kwastan, harafi da harafi. Taya ma ta zama ta motar kaya ce, mai harafin C a bayan lambar girmanta, kuma lambobi huɗun nan na gefenta suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta.

Sannan kada ka juye duk jarinka a mota. Bar abin juyen baƙin mai da sabbin tayoyi da inshora da gyaran farko, don mota ta hannu ba ta rasa abin da za ta nema a watan farko. Direba kuwa ka nemi mai amana da iyali, ka biya shi abin da zai ishe shi, kada ya koma ɗaukar lodin ɓoye da motarka.

Ka zauna da littafin cinikinka makon nan, ka fitar da nauyin kayan da kake fitarwa a rana da abin da shata ke ci maka a wata. In ka gama ka zo mini da shi mu duba tare, kafin ka ba kowa kafin alƙalami.