Dashen Kwamfuta: Yadda Ake Sauya wa Kwamfutar Kwaikwayo Masauki Tana Cikin Aiki

A ranar Juma'a, 3 ga watan Fabrairu na shekarar 2023, masu kula da manyan kwamfutoci a Faransa da wasu ƙasashe suka tarar da bayanansu a kulle, ga kuma takardar neman kuɗin fansa da ɓarayin intanet suka bar musu. Daga baya hukumomin Amurka suka ce kwamfutocin da abin ya shafa sun haura 3,800 a duniya. Dukkansu suna ɗauke ne da manhajar ESXi ta kamfanin VMware, kuma mafi yawansu tsohon samfuri ne wanda aka daɗe ba a sabunta ba. Ƙofar da aka fi zargin ɓarayin sun bi, kamfanin ya riga ya fitar da facinta tun watan Fabrairun 2021.

Mai karatu zai yi tambaya: me zai hana mutum ya sa facin da aka ba shi shekara biyu da suka wuce? Amsar ba lalaci ba ce kaɗai, akwai tsoro. Sabunta irin wannan manhaja yakan bukaci a kashe na'urar a sake kunna ta, alhali a cikinta akwai wasu kwamfutoci talatin ko arba'in da jama'a suka dogara da su, wata tana riƙe da albashin ma'aikata, wata sakamakon jarrabawar ɗalibai, wata bayanan majinyata. Wannan darasi zai duba yadda ake kwashe su ba tare da an yi ɓari ba.

Baƙo da mai masauki

Kwamfutar kwaikwayo kwamfuta ce wadda ba ta da jikin kanta. Tana da furosesa, da ƙwaƙwalwar aiki wadda ake kira ram, da faifan ajiya, da katin sadarwa, amma duk aro ne. Wata manhaja ce, wadda ake kira haifabaiza, take yanka ƙarfin na'ura guda ta gaske ta rarraba shi kashi-kashi, ta miƙa wa kowane kashi babbar manhajarsa, wannan Windows, wancan Linux. Masana sukan kira na'urar ta gaske mai masauki, su kira kowace kwamfutar kwaikwayo baƙo. Sunan ya dace, domin kowane baƙo gani yake shi kaɗai ne a gidan, bai san ko akwai wani a ɗakin da ke gefensa ba.

Dabarar ta girmi yawancin malaman da za su karanta wannan shafi. Kamfanin IBM ya fara amfani da ita a 1967 da wani tsari mai suna CP-40, ya kuma fitar da VM/370 kasuwa a 1972. Ta sauko kan ƙananan kwamfutoci ne bayan an kafa VMware a 1998. Jami'ar Kambirij ta Ingila ta fito da Xen a 2003, KVM ya shiga cikin Linux a 2007, Microsoft ya biyo baya da Hyper-V a 2008. Intel a 2005 da AMD a 2006 sun ƙara wa furosesocinsu umarnai na musamman domin sauƙaƙa aikin.

Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, tunda baƙo ba shi da jiki, duk halittarsa bayanai ce: abin da ke kan faifansa, da abin da ke cikin ram ɗinsa, da ɗan abin da furosesa ke riƙe da shi a daidai wannan lokaci. Bayanai kuwa ana iya kwafe su. A kan wannan aka gina ƙaura.

Dashe iri biyu

Mai lambu ya san dashe iri biyu ne. Akwai tsiron da ake tugewa a kakkaɓe ƙasarsa, ya yi kwana biyu yana yaushi kafin ya kama. Akwai kuma wanda ake ɗauka da ƙasarsa, saiwarsa ba ta ma san an taɓa ta ba. Haka abin yake a nan. Hanya ta farko ita ce a kashe baƙo, a kwashe fayil ɗinsa zuwa sabon masauki, a kunna shi. Wannan ita ce mafi sauƙi kuma mafi aminci, illarta kawai ita ce aiki zai tsaya na wani lokaci. Hanya ta biyu ita ce ƙaura da rai, wadda VMware ya fitar da sunan VMotion a 2003.

Wahalar ƙaura da rai tana cikin ram. Faifan ajiya galibi ba ya ko motsawa, domin a manyan cibiyoyi ana ajiye faifan dukkan baƙi a wani rumbu na tarayya wanda kowane mai masauki yake iya kaiwa gare shi. Ram kuwa yana cikin na'urar da za a bari, kuma baƙo bai daina rubutu a cikinsa ba. A kwatanta da ɗalibin da aka sa ya kwafe allo alhali malami yana ta gogewa yana sake rubutu. Da ya kai ƙarshe sai ya ga layin farko ya canza.

Ga yadda aka warware matsalar. An kasa ram zuwa shafuka, kowane shafi yawanci kilobait 4. A zagaye na farko ana aika dukkan shafukan zuwa sabon masauki, haifabaiza kuma tana lura da duk shafin da baƙo ya taɓa bayan an aika shi. A zagaye na biyu waɗannan shafukan kaɗai za a sake aikawa. Da yake sun fi na farko kaɗan, zagayen zai fi sauri, saboda haka waɗanda za su ɓaci a cikinsa za su ƙara raguwa. Haka za a yi ta yi har saura ya zama ɗan kaɗan. A nan sai a dakatar da baƙo ƙiftawar ido, a aika ragowar tare da abin da furosesa ke riƙe da shi, a tashe shi a sabon gida, a kuma aika sanarwa ga na'urorin sadarwa cewa daga yanzu saƙonninsa ta wannan ƙofa za su bi.

Lissafi zai ƙara haskaka batun. A ɗauka baƙo yana da ram gigabait 16, wayar da ta haɗa masaukan biyu kuma tana ɗaukar megabait 1,250 a daƙiƙa, shi kuma baƙon yana ɓata megabait 100 a daƙiƙa. Zagaye na farko zai ci kimanin daƙiƙa 13, a cikinsu megabait 1,300 sun ɓaci. Zagaye na biyu zai ci daƙiƙa ɗaya da ɗan kai, saura kimanin megabait 100. Bayan na uku saura megabait 8 kacal, waɗanda za a aika cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba. Wannan ba tatsuniya ba ce. A binciken da masu Xen suka gabatar a 2005, sun sauya wa wata kwamfutar wasan Quake 3 masauki mutane na tsakiyar wasa, tsayawar da ta yi kuwa kashi 60 ne cikin dubu na daƙiƙa.

To amma a sauya lamba ɗaya. Idan wayar ƙarama ce mai ɗaukar megabait 125 a daƙiƙa, baƙon kuma yana ɓata 150, ƙaura ba za ta taɓa ƙarewa ba, an zuba ruwa a kwando. Maganin shi ne a rage wa baƙo gudu da gangan, ko a jira dare lokacin da aiki ya lafa. Akwai kuma wata dabara ta juya tsarin, a fara tayar da baƙo a sabon gida sa'an nan a riƙa miƙo masa shafukan da yake nema. Tana da sauri, amma tana da haɗari babba: idan waya ta yanke a tsakiya, rabin ƙwaƙwalwarsa na nan rabi na can, babu gidan da zai iya raya shi. A hanyar farko kuwa, idan an sami tangarɗa, baƙo yana nan lafiya a tsohon gidansa.

Sai jini ya dace

Ɗaliban ilmin halittu sun san ba a ƙara wa majinyaci jini sai an gwada rukuninsa. Furosesa ma tana da irin wannan ƙa'ida. Lokacin da baƙo ya tashi, yakan tambayi furosesa irin umarnan da ta iya, ya kuma ci gaba da amfani da su. Idan aka kai shi gidan da furosesarsa ba ta san ɗaya daga cikinsu ba, zai faɗi nan take. Saboda haka ƙaura daga tsohuwar furosesa zuwa sabuwa ta kamfani ɗaya yawanci ba ta da matsala, dawowa ce ke da wuya. Tsakanin Intel da AMD kuwa hanyar da ake yarda da ita ita ce a kashe baƙo tukuna. A cibiyar da ke da na'urori masu shekaru daban-daban akan ɓoye wa baƙi sababbin umarnai, a daidaita kowa da mafi tsufa a cikinsu.

Ita ma haifabaiza haka take. Masu ƙera ta sukan lamunce ƙaura daga tsohon samfuri zuwa sabo, ba sa lamunce komawa baya. Wannan shi ne abin da masu gaggawa suka fi mantawa da shi.

Yadda ake sabuntawa

Ba a taɓa dukkan masaukai lokaci guda. Akan kwashe baƙin na farko a rarraba wa sauran, a sabunta shi, a kunna, a mayar masa da baƙo ɗaya ko biyu marasa muhimmanci, a zuba ido. Sai an gamsu a wuce na biyu. Wannan tsari yana bukatar fili. Idan masaukai huɗu ne, kowanne ya cika kashi 70 cikin ɗari, jimla 280 ke nan, uku za su iya ɗauka da ƙyar. Idan kowanne ya kai kashi 80, jimla 320, uku ba za su ɗauka ba. Cibiyar da ta cika na'urorinta maƙil don tsimin kuɗi ta rufe wa kanta ƙofar gyara. A inda wutar lantarki ke ɗaukewa ba sallama kuwa, a tabbata batir da janareta suna da lafiya kafin a fara, domin na'urar da wuta ta yanke mata tana tsakiyar sabuntawa tana iya ƙin tashi ɗungurungum.

Kafin duk wannan akwai maganar kwafin ajiya, kuma a nan ne aka fi yaudarar kai. Haifabaiza tana iya ɗaukar abin da ake kira hoton baƙo, wato ta daskarar da faifansa yadda yake, ta riƙa rubuta sauye-sauye a wani fayil dabam. Yana da amfani ƙwarai idan ana son komawa baya cikin minti ɗaya. Amma hoto ba kwafi ba ne. Ya jingina ne da faifan asali, idan faifan ya mutu sun mutu tare. Kuma yana kumbura kullum, shi ya sa VMware yake ba da shawarar kada a bar shi ya wuce awa 72. Kwafin gaske shi ne wanda ke wani wuri dabam. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, wasu masu hulɗa da shi kuwa bayanansu da kwafinsu duk a harabar suke.

Ko kwafin yana nesa, ba a san ingancinsa ba sai an gwada dawo da shi. A ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge kimanin gigabait 300 na bayanai bisa kuskure. Da aka waiwayi hanyoyin ajiyar da aka tanada, sai aka tarar wasu sun daɗe ba sa aiki ba wanda ya lura. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka awa 6 kafin nan domin wata bukata dabam, aikin waɗannan awoyi kuwa ya salwanta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sauya gida ɗungurungum

A watan Nuwamba na 2023 kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware, wata guda bayan haka ya daina sayar da lasisin dindindin, ya koma na biyan kuɗi lokaci-lokaci. Wannan ya sa cibiyoyi da dama suka fara duba wasu haifabaizoji, irin su Proxmox da Hyper-V. Irin wannan ƙaura ta fi ta baya nauyi, domin kusan kullum sai an kashe baƙo. Dole a juya fayil ɗin faifansa daga wannan siga zuwa waccan, alal misali daga VMDK zuwa qcow2. Kayan aron da zai tarar a sabon gida ma dabam ne, saboda haka idan ba a sa masa ƙananan manhajojin da za su gane su tun kafin tafiya ba, Windows yana iya tashi ya kasa ganin faifansa. Katin sadarwarsa na iya samun sabuwar lamba, wasu manhajoji masu lasisi kuma su ɗauka an sace su ne, su ƙi buɗewa.

Kuskure mafi muni a wannan mataki shi ne a kunna sabon kwafi alhali tsohon bai mutu ba. Baƙi biyu masu suna ɗaya da adireshi ɗaya za su riƙa karɓar saƙonni, wannan ya rubuta rabi wancan ya rubuta rabi, a wayi gari babu wanda ke da cikakken lissafi. Akan kashe tsohon, a cire masa hanyar sadarwa, amma ba a goge shi sai bayan makonni, lokacin da masu amfani da sabon suka tabbatar komai ya daidaita.

Malamin da ke da kwamfuta ko da guda ɗaya yana iya nuna wa ɗalibai wani ɓangare na wannan darasi da manhajar VirtualBox, wadda kyauta ce. A ƙirƙiri baƙo, a ɗauki hotonsa, a goge wani fayil a cikinsa, a koma kan hoton a ga fayil ɗin ya dawo. Inda babu kwamfuta, allo ya wadatar. A rubuta lambobi 40, ɗalibi ɗaya yana kwafewa a littafi, wani kuma yana canza lamba ɗaya duk bayan daƙiƙa 10, sauran aji suna ƙirga zagaye nawa za a yi kafin littafi da allo su zo daidai. Daga nan a bar mai canzawa ya riƙa canza lamba biyu a kowace daƙiƙa, a sake ƙirgawa.