Suna da Kunya a Zancen Dajin Mafitsara: Nazari daga Kasuwar Sabon Gari, Kano

Gabatarwa

Kasuwar Sabon Gari, wadda a hukumance ake kira Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi, ta daɗe a shekarun baya tana zama matattarar masu sayar da magunguna, na Bature da na gargajiya. Mazan da fitsari ke ba wa wahala kan fara kai kukansu ga mai magani kafin su je ga likita. Wannan maƙala ta duba yadda sunan da ake laƙaba wa ciwo ke jinkirta gano dajin mafitsara da na gaban namiji.

Sunaye Uku

Na farko shi ne "sanyi". Kunya kan sa magidanci ya tattara zafin fitsari da riƙewarsa da raunin mazakuta a cikin wannan kalma guda, sai a ba shi jiƙo ko ƙwayoyi.

Na biyu shi ne "tsargiya", wato fitsarin jini da yara ke ɗauka a kududdufai da hanyoyin ruwan noman rani. Sabo ya sa ake raina ta, alhali tun 1994 hukumar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya tsutsar da ke haddasa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji. Ƙwayayen tsutsar kan maƙale a bangon mafitsara, su yi shekaru suna illata shi.

Na uku shi ne "dajin mafitsara", wanda kafofin watsa labarai ke amfani da shi ga mafitsara da kuma furostat, ƙullutun da ke ƙarƙashinta. Gaɓoɓi biyu ne, maganinsu ma daban.

Magani

Tsargiya na jin ƙwayar firazikwantel. Dajin mafitsara kuwa, ana kankare shi ta hanyar fitsari in an tare shi da wuri. In ya yi nisa, sai a cire mafitsarar. Na furostat ana fara bincikarsa da gwajin jini na PSA, a magance shi da tiyata ko gashi ko rage sinadarin namiji. Ana duba irin waɗannan larurori a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Mafitsara na Abubakar Imam.

Kammalawa

Masana Hausa na da rawar takawa: su tsayar da sunaye masu rarrabe gaɓoɓin nan, waɗanda dattijo zai iya furtawa gaban likita ba tare da ya sunkuyar da kai ba.