Digirin Ilimin Abinci da Lafiyar Al'umma: Matsayin Harshen Hausa a Yankin Bakolori

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi giɓin da ke tsakanin harshen da ake koyar da ilimin abinci a jami'a da harshen da ake aiki da shi a karkara, inda ta ɗauki Tsibiri da maƙwabtanta a matsayin misali.

1.0 Gabatarwa

Tun da aka kammala madatsar ruwan Bakolori a 1978, yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun ya shahara da noman rani. Duk da haka, tamowa ba ta rabu da ƙananan yaransa ba, musamman da rashin tsaro ya raba manoma da gonakinsu. Wannan ya sa ake buƙatar ƙwararru a fannin abinci.

2.0 Karatun da Guraben Aiki

Jami'o'in Ibadan da Nsukka da Bayero ta Kano na daga cikin masu ba da digirin farko a wannan fanni. Ɗalibi kan nazarci sinadaran abinci da aikin sassan jiki da yaɗuwar cututtuka cikin al'umma. Bayan kammalawa yakan yi aiki a asibiti, ko hukumomin lafiya matakin farko, ko ƙungiyoyi irin su UNICEF.

3.0 Matsalar Harshe

Da Ingilishi ake wannan karatu, alhali da Hausa ake aikin. Auna damtsen yaro abu ne mai sauƙi, domin awon da ya gaza santimita 11.5 na nuna tamowa mai tsanani. Wuyar tana wajen bayani. Idan jami'i ya ce a shayar da nono zalla har wata 6, sai kaka ta tambaya: “Ɗan nan, ko ruwa ba za a ba shi ba a wannan zafi?” Wanda kuma bai san kalmar dakashi ba, da dalilin da ya sa wasu ke matse shi su zubar, ba zai iya nuna amfaninsa ga jariri ba. Haka nan sunayen sinadarai ba sa shiga kunnen uwa kamar kunun gyaɗa da wake da kwaɗon zogale.

4.0 Kammalawa

Ya kamata sassan Hausa su haɗa gwiwa da sassan ilimin abinci wajen tattara kalmomin fannin daga bakin ungozomai da iyaye mata, sannan a mayar da su kwas ga ɗaliban da za su yi aiki a ƙasar Hausa.