Shawara Ga Mai Binciken Takardun Gado

Duk wanda ya ƙudurta gano nasabarsa daga tsofaffin littattafan rabon gado na kotunan alƙalai, wajibi ne ya fara sabawa da hannun magatakarda, domin a rubutun Magaribi harafin fa ɗigo ɗaya gare shi a ƙasa, ƙaf kuwa ɗaya a sama. Sa'an nan ya yi nazarin rabon kowane magaji, gama idan matar mamaci ta sami sumuni, lalle ya bar ɗa ko 'ya, ko jika ta wajen ɗansa namiji. Idan kuwa rubu'i ta samu, bai bar ko ɗaya ba. Kuɗin da aka ƙiyasta tarika da shi, wuri ne ko fam da sule, shi ma hujja ne kan zamani, tunda naira sai 1973 ta fito.